Shinkafa Mai Acca

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta iya hana mutum abu ba. Ba don yabo na faɗi haka ba, a wancan lokacin haushi abin yake ba ni. Idan na sayo sabulu na ajiye na tafi aiki, kafin in dawo an raba shi biyu da wuƙa, rabi ya tafi ɗakin wata mai jego. Idan na yi magana sai ta ce, "To ke da rabin ba za ki fita ba ne?" Haka na taso na gan ta, kuma na ɗauka haka za ta koma ga Mahaliccinta. Amma a gaban idona aka kashe mata wannan hali, kuma har yau idan na tuna yadda aka yi sai raina ya ɓaci.

A unguwar Makera ta Kaduna muke zaune, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere, da famfo ɗaya a tsakar gida wanda ba ya kawo ruwa sai ya ga dama. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne, ya rasu, masaƙar ma ba ta daɗe ba ta bi bayansa. Ni ce babba, ina koyarwa a wata firamare, Inna kuma tana kunun sayarwa. Ɗakin da ke manne da namu na wata mata ce 'yar Filato, Kirista, da kowa ke kira Maman 'yan biyu saboda tagwayen 'yan matan da ta haifa. Ita da Inna sun yi shekaru suna faɗa a kan igiyar shanya. Da safe a yi cacar baki a kan wa ya ture zanen wa, da yamma ka same su a tabarma ɗaya suna gyaran wake suna gulmar mai gidan haya. Turmi ɗaya suke daka, kuma kowaccensu ta rantse nata ne.

Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, muna ta murnar farar hula, sai rikici ya ɓarke a garin. Ba zan tsaya ba da labarinsa ba, duk wanda ya zauna Kaduna a lokacin yana da nasa, kuma ba mai daɗin ji a ciki. Allah ya tsare layinmu. Amma mutane da yawa sun rasa gidaje, suna kwana a azuzuwan makarantu da harabar bariki. A wannan tsakanin ne ƙungiyoyin agaji suka yi ta tsirowa. Duk shagon da ya mutu a unguwar Barnawa, kafin ka ankara an shafa masa fenti an kafa allo mai dogon suna, da zanen hannu biyu suna gaisawa.

Wata rana mota ta tsaya a bakin layinmu, mata biyu suka fito, wata Hajiya da wata Madam, kowacce da kati rataye a wuya, mai ɗaukar hoto yana biye da su. Ganin Musulma da Kirista tare a irin wannan lokaci shi ya fara sanyaya zukatan mutane. Suka tara matan layi a tsakar gidanmu. Hajiyar tana da murya mai taushi, irin wadda ba ta taɓa yin kiran yaro daga nesa ba. Ta ce ƙungiyarsu tana ciyar da zawarawa da marayun da rikici ya bari.

"Ba kuɗi muka zo nema ba, iyayena," in ji ta. "Mun san halin da ake ciki. Ɗibar hannu kawai. Duk lokacin da kika auna abin da za ki ɗora, ki ɗebi cikin hannu ɗaya ki ajiye gefe. Ba za ki ji a tukunyarki ba, amma wani maraya zai ji a cikinsa."

Wannan magana ta kama mata ƙwarai. Da kuɗi suka nema da kowa ta ce sai maigida ya dawo. Amma hatsi a hannun mace yake, ba sai ta tambayi kowa ba. Nan take aka ce a zaɓi wadda za a riƙa tarawa a wurinta, kuma ba a ma yi shawara ba, duk idanu suka koma kan Inna. Aka ba ta buhuna biyu, ɗaya na shinkafa ɗaya na masara, muka jingine su a bayan ƙofarmu. Duk Juma'a motarsu a-kori-kura takan zo ta kwashe.

Inna ta ɗauki aikin nan kamar an naɗa ta sarauta. Gida gida take bi tana tuni. Ta sa barkono busasshe a cikin buhunan don kada ƙwari su shiga. Ita kuwa tata ɗibar, hannu biyu take haɗawa ta nutsa cikin kwano.

Na ce, "Inna, ɗibar hannu aka ce ko ɗibar shebur?"

Ta ce, "Hannun nawa ne ko naki?"

Na ce, "Hannun naki ne, albashin nawa."

Ba ta ko kalle ni ba, ta ƙara rabin hannu a kai don in ji da kyau.

Maman 'yan biyu a lokacin ba ta da shinkafa, don mijinta direban masaƙa ne kuma an sallame su. Abin da ke riƙe da su acca ce da ake aiko mata daga ƙauye, wannan ƙwayar mai ƙanƙanta kamar yashi da mutanen Filato ke ci. Ran nan ta shigo da accarta a tafin hannu, ta duba buhun masara ta duba na shinkafa, ta zuba a na shinkafa.

Inna ta yi salati. "Ke kuwa wace irin mata ce? Wa zai zauna raba acca da shinkafa?"

"Su dafa haka, Inna. Ai ciki ɗaya za shi."

"Ki kawo leda mana a ƙulla daban."

"Ni ba ni da leda. Abin da nake da shi na kawo."

Tun daga ranar ta mayar da shi abin tsokana. Sai ta faki idon Inna ta watsa accarta a buhun, ta fita tana waƙar coci. Inna ta yi ta mita, amma ban taɓa ganin ta hana ta ba.

Ana cikin haka wani shago a kasuwa ya fara sayar da wata shinkafa mai araha. Ba iri ɗaya ba ce, ka ga doguwa 'yar waje, ka ga 'yar Hausa, ka ga karyayya, duk a haɗe. Mai shagon ya ce ragowar buhuna ce da ake sharewa a manyan sito. Ni na fara gano ta, na zo gida ina ji da kaina na iya cefane. Kafin wata ya zagayo duk layinmu ita ake ci. Ba ta dahuwa daidai, wata ta caɓe wata tana tsaye, amma mai albashin firamare ba ta cika tsawwalawa ba. Idan an sheƙe ta a faifai, wani gari-gari yakan taru a ƙasa, mu watsa wa kaji a kan tsaki ne. Daga cikin wannan shinkafa kuma kowace mace take ɗibar hannunta ta kawo wa Inna. Mun daɗe a haka, damina ta wuce, aka yi girbi.

Wata Asabar da hantsi Inna tana sheƙe shinkafa a bakin ƙofa, Maman 'yan biyu tana zaune kusa da ita tana tsefe kan ɗaya daga cikin 'yan biyun. Inna ta karkata faifan za ta watsa wa kaji, sai matar ta riƙe mata hannu. Ta dangwali garin da yatsa, ta murza, ta sa a harshe.

"Inna, wannan ba tsaki ba ne."

"Mene ne?"

"Acca ce."

Inna ta yi dariya. "Ke komai kika gani acca ne."

Maman 'yan biyu ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta shiga ɗakinta ta ɗebo tata, ta zuba a gefen faifan. Babu bambanci ko kaɗan. Ta ce, "A wane sito ne ake haɗa shinkafar waje da accar ƙauyenmu?"

Inna ta jawo kwanon shinkafar gaba ɗaya ta juye a tabarma, ta riƙa baza ta da tafin hannu. Can sai ga guntun barkono busasshe, can kuma ga wani. Ta ɗauki ɗaya ta riƙe tana kallo. Ni dai abin da ya fara zuwa raina lissafin wauta ne: wato shinkafar nan ta fita daga bayan ƙofarmu ran Juma'a, ta kwana a shago, mu je mu saye ta ran Litinin, mu sake ɗibar mata hannu mu mayar. Wata ƙwayar ƙila ta fi ni sanin hanyar kasuwa. Na buɗe baki zan faɗi haka, na ga fuskar Inna, na haɗiye.

Ran Litinin muka tafi ofishin ƙungiyar a Barnawa, ni da Inna da Maman 'yan biyu da wasu mata uku, da accar ƙulle a leda. Ofishin yana da sanyi kamar cikin randa. An cika bango da hotuna, kuma a tsakiyarsu ga Inna, ita da Hajiyar sun kama buhu ɗaya suna murmushi. Na tuna ranar da aka ɗauka, ranar da Inna ta miƙa buhun farko ce. Amma hoto ba ya faɗin wa ke miƙawa wa ke karɓa. A ƙasansa an yi rubutu da Turanci.

Inna ta ce, "Me aka rubuta?"

Na so in ce sunan unguwa ne. Amma ta tsare ni da ido, kuma ban saba yi mata ƙarya ba. Na ce, "An ce wata bazawara ce da rikici ya shafa take karɓar tallafin abinci."

Ta gyara mayafinta.

Da Hajiyar ta fito, ba ta ko musa ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ta ce ai dole a sayar da wani ɓangare, da me za a sa wa mota mai, da me za a biya hayar ofis da ma'aikata? Ta ce aikin agaji yana da tsari, ba kowa zai gane ba. Na ce to ta nuna mana maraya ɗaya da ya ci, mu je mu gaishe shi. Sai Madam ta sa baki ta ce, "Malama, kul daun, kwantar da hankalinki, ba a yin haka, akwai sirrin waɗanda ake taimako." Na faɗa musu maganganu a ranar waɗanda ba su dace da bakin malamar makaranta ba, kuma ban yi nadamar ko ɗaya ba. Maman 'yan biyu ta kwance ledarta ta zazzage accar a kan teburin gilashinsu, ta ce su ƙara a na wannan makon.

Babu abin da aka yi musu. Wa za ka kai wa ƙara a kan cikin hannu na shinkafa? Bayan 'yan watanni suka sauke allon suka kafa wani, yanzu wayar da kan mata a kan zaɓe suke yi. Motar ce dai ba ta canja ba.

A layinmu ne abin ya bar ciwo. Inna ta bi gida gida, kamar yadda ta bi tana tuni, tana ba mata haƙuri. Yawanci sun ce ba laifinta ba ne. Amma akwai waɗanda suka ce ai buhun a bayan ƙofarta yake kwana, kuma ga hotonta a ofis, ba a banza ba. Wata ma da Inna ta yi wa wankan jego ta ce a bakin famfo, yadda kowa zai ji, "Wasu dai sun san inda suke samun jarin kunu." Inna tana tsaye da bokiti. Ta juya ta koma ɗaki ba tare da ruwan ba, ta kwanta da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba.

Ba rana ɗaya ta canja ba. Da farko masu kati a wuya kawai ta daina saurara. Daga baya aka zo neman gudummawar gyaran rufin masallaci, ta ce sai ta ga kwanon a sama. Aka ce gobara ta cinye ɗakin wasu a bayan layi ana tara musu kaya, ta ce wa ke tarawa, wa zai kai, wa ya ga an kai? Kafin ta gama tambayoyinta mai nema ya gaji ya tafi. Ba ita kaɗai ba, duk layin haka ya koma, sai dai a wurin sauran ba a ga bambanci sosai ba. Sabuluna ya riƙa kwana cikakke inda na ajiye shi. Abin da na daɗe ina so ke nan, kuma da na samu sai ya riƙa ba ni tsoro.

Da aka sake yin wani tashin hankali a garin, Kiristocin gidanmu suka fara kwashe kaya. Maman 'yan biyu ta fi kowa daɗewa, amma a ƙarshe mijinta ya samu ɗaki a Romi, unguwar da Kiristoci suka fi yawa. Ranar tafiya suka yi faɗan ƙarshe a kan turmi, kowacce ta ce ɗayar ta ɗauka, har direban motar ya gaji ya ajiye shi a tsakar gida ya ja mota. Daga Makera zuwa Romi ba wata tafiya ba ce, amma a shekarun nan kowa ya san iyakarsa. Wayar hannu ta shigo, sai dai ba irinmu ke riƙewa ba tukuna. Sau ɗaya ta zo gaisuwar Sallah, sau ɗaya Inna ta aika mata da kuka da daddawa, daga nan zumuncin ya koma na "in kin gan ta ki gaishe ta."

Shekaru suka ɗan tura. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da Inna tana ba matan gida labari, ana ta shewa.

"Yau na kori wasu," ta ce da ni. "Su biyu, zane iri ɗaya, ga katin nan a wuya yana lilo. Wai daga ƙungiyar mata masu taimakon marasa lafiya. Na ce ku tsaya nan inda kuke. Ɗayar ta ce, Mama, wurinki aka aiko mu. Na ce na sani, kullum ai aiko ku ake yi. Ta ce wata ce ba ta da lafiya. Na ce Allah ya ba ta lafiya, ku kuma ya ba ku sana'a. Ko ruwa ban ba su ba."

Aka sake kwashewa da dariya. Wata ta ce da ma haka aka yi wa na farkon. Babu wanda ya ga aibin abin a gidan nan, mun ɗauka wayo muka yi.

Bayan kamar wata biyu, da la'asar, wata budurwa ta yi sallama a ƙofarmu da baƙin ɗankwali. Sai da ta durƙusa ta ce "Inna" sannan muka gane ɗaya daga cikin 'yan biyun ce, ta girma ta yi tsawon uwarta. Inna ta rungume ta tana tambayar mutanen gida. Yarinyar ta ce Mama ta rasu, an binne ta makon jiya.

Ciwon ƙoda ne. Ta ce an yi ta kai ta asibiti ana wanke mata jini har abin hannunsu ya ƙare. Sai matan cocinsu suka haɗu suka ce za su fita nema mata. Wani ya ba su shawara su yi kati su rataya, su sa zane iri ɗaya, don mutane su san ba 'yan damfara ba ne. Sun yi yawo sosai, amma kusan duk inda suka je magana ɗaya ake faɗa musu, an gaji da masu ƙungiya.

"Sai Mama ta ce su zo Makera," in ji yarinyar. "Ta kwatanta musu gidan nan. Ta ce su tambayi Inna mai kunu, ko ba ta da ko sisi za ta ɗauki mayafi ta zaga da su layin nan gida gida."

Na kalli Inna. Hannunta yana kan kafaɗar yarinyar, ta sauke shi a hankali.

"Da suka dawo suka ce wata tsohuwa ta kore su tun daga bakin ƙofa. Mama ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce kun ɓata gida ne, Inna ko ɓarawo ya shigo sai ya sha kunu kafin ta kira mutane. Ta ce su koma, suka ce su kam ba za su sake ba. Ta ce to bari ta samu sauƙi ta kawo su da kanta, ta nuna musu ƙofar."

Ba zan ce abin da ke hannun Inna zai tsayar da ajali ba, kuɗin kunu ba ya wanke ƙoda. Amma da ta bari sun ƙarasa maganarsu, da a ranar ta kwana a Romi. Da ta zauna a bakin gadon nan ta yi mata mita a kan ba ta cin abinci, da sun yi faɗa ko sau ɗaya ne kafin a rabu. Wannan aka sace mana, kuma waɗanda suka sace suna can cikin sanyin ofis ba su ma san an yi ba.

Yarinyar ta ɗago kai. Na ga tun daga Romi ta ɗauko tambayar, kuma na ga amsar da take so.

"Ba nan suka zo ba, ko Inna?"

Matan da suka yi shewa ran nan duk suna tsaye a ƙofofinsu. Da Inna ta ce ba nan ba ne, babu wadda za ta ƙaryata ta, ni ma ba zan yi ba.

Inna ta ce, "Nan suka zo, 'yata. Ni suka samu."

Yarinyar ta ce, "To." Ba ta yi kuka ba. Ta gaishe ni, ta ce za ta koma kafin mota ta yi wuya.

Inna ta bi ta har bakin ƙofar gida, tana ta kokawa da ƙullin bakin zanenta. Da ƙyar ta kwance, ta miƙa mata abin da ke ciki duka ta ce ta hau mota.

"Bar shi, Inna," in ji yarinyar. "Na zo da nawa."

Inna ta tsaya a wurin da hannunta a miƙe har yarinyar ta sha kwana.